Kasasshiya ko Matacciya: Kashe Ƙwayar Cuta don Rigakafin Dabbobi da Kalmomin Bayyana Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, da zarar ya yi tafiyar kimanin kilomita 30 ya shiga ƙasar Kura, zai ga ƙasa ta sake kama. Inda sauran karkara ta bushe ta yi fari, nan kuwa kore ne shar, ga alkama da tumatir, ga albasa da masara da shinkafa. Ruwan da ke rayar da su daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya biyo babbar hanyar ruwa, sa'an nan ya rarrabu cikin ƙananan magudanai a ƙasashen Bunkure da Kura da Garun Malam. Domin shuka aka tsara wannan aiki, amma ya jawo dabbobi fiye da yadda aka zata. Makiyaya sukan sauko da garkunansu bayan girbi don cin karan shinkafa da sauran ragowar gona. Manoma suna da shanun huɗa. Magidanta da matan aure sukan turke raguna da bijimai, suna ba su dusa da harawa, ana jiran Babbar Salla. Ta haka ne san da aka sayo a kasuwar Wudil ran Juma'a yakan kwana a turke ɗaya da wanda aka haifa a gida, kashegari su sha ruwa wuri ɗaya da garken da ya fito daga nesa.

Irin wannan cuɗanya ita cutar boru take so, watau ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke kira mboru. Saniya takan yi zazzaɓi, ƙuraje masu ruwa su fito mata a harshe da dasashi da tsakanin kofato da kan nono, su fashe, ta riƙa dalalar da yawu, ta kasa ci, ta kasa tafiya. Boru ba ta cika kashe manyan shanu ba, shi ya sa wasu ke raina ta. Amma takan kashe maruƙa, ta ƙafar da nono, ta ramar da san turke a mako biyu bayan an yi wata huɗu ana ciyar da shi. Idan kuwa ta kama shanun huɗa ana gab da shuka, to, manomi ya shiga haya. Tumaki da awaki sukan ɗauke ta ba tare da alama mai yawa ba, su kai ta inda ba ta.

Rigakafin boru da ake amfani da shi a duniya galibinsa iri ɗaya ne ta fuskar asali: ita kanta ƙwayar cutar ake nomawa, a kashe ta da sinadari, a ɗura a kwalba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake wannan kisa, domin a ga wace kalmar Hausa ce ta dace da shi. Ba gardamar masu ƙamus kawai ba ce. Kalmar da malamin dabbobi ya zaɓa a bakin ruga ita za ta gaya wa mai saniya ko ya yarda a soki dabbarsa, da kuma abin da zai sa rai da shi bayan an soke ta.

Kalmomin da aka gada

Hausa ba baƙuwa ba ce ga tunanin tare cuta kafin ta zo. Kalmar rigakafi haɗi ce ta riga da kafi. Kafi shi ne shingen itatuwa da akan kewaye gari da shi saboda mahara, haka kuma shi ne asirin da akan binne don tsare gari ko gida. Ashe ke nan rigakafi yana nufin a riga abokin gaba kafa shinge, kuma wannan ma'ana ta yi daidai da aikin ƙwarai. Lokacin yaƙi da agana an fi amfani da kalmar lamba, saboda tabon da akan bari a dantse. Makiyaya ma suna da tasu dabara tun kafin zuwan Turawa: idan ciwon huhu ya kashe saniya, akan yanki ɗan huhunta, a tsaga fatar hancin mai lafiya a cusa, ta yi ɗan ciwo ta warke, ta tsira daga babban. Wanda ya gaji wannan ilimi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani cewa ana iya tare cuta da ita kanta cutar.

Matsala ta fi yawa wajen kalmomi biyu, allura da magani. Allura sunan makami ne kawai, ba ta bambanta abin da ke cikin sirinji. Taramaisin da ake yi wa saniya marar lafiya allura ce, rigakafin da ake yi wa mai lafiya shi ma allura ne, don haka mai dabba yakan jira sai boru ta shiga garke sa'an nan ya nemi allura, alhali rigakafi yana bukatar mako biyu zuwa uku kafin ya kama jiki, taramaisin kuwa ba ta taɓa ƙwayar boru ko kaɗan, iyakarta ta hana miki ruɓa. Magani kuma, a bakin manomin tumatir na Kadawa, ya haɗa da abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa, tunda maganin feshi ma magani ne, ya kuma san yadda yake yi wa wanda ya shaƙe shi. Idan aka ce masa an zuba sinadari a cikin abin da za a ɗura wa saniyar da yake shan nononta, yana da dalilin tambaya ina sinadarin ya tafi. Za a zo ga amsar nan gaba.

Abin da ake kashewa

Ƙwayar cuta kalma ce mai faɗi, ta rufe abubuwa biyu da suka sha bamban. Akwai bakteriya, wadda halitta ce mai ci, mai girma, mai rabuwa biyu da kanta. Ita ke kawo saifa da harbin daji. Akwai kuma bairas, wadda ke kawo boru da bushiya da haukan kare da murar tsuntsaye. Boru ce ma bairas ta farko da aka gano a jikin dabba, a 1898, ta hannun masanan Jamus biyu, Loeffler da Frosch, waɗanda suka lura cewa abin da ke kawo ta yana ratsa matatar da ke tare bakteriya. Ƙanƙantarta ta wuce misali: sai an jera fiye da 30,000 kafin su cika milimita ɗaya.

Bairas ba ta ci, ba ta sha, ba ta numfashi. Abubuwa biyu ne kurum a tare da ta boru, riga ta furotin a waje, da wani zare a ciki wanda ke ɗauke da saƙon yadda za a ƙera irinta. Idan ta shiga tantanin jikin dabba sai ta tuɓe rigar, tantanin ya karanta saƙon, ya bar aikinsa ya koma ƙera mata 'ya'ya har ya fashe. Garkuwar jiki kuwa ba ta karanta saƙon; riga take ganewa. Wannan shi ne tushen aikin baki ɗaya. Idan aka sami hanyar ɓata saƙon ba tare da an taɓa rigar ba, jiki zai ga abokin gaba, ya shirya masa, alhali abokin gaban ba ya iya haifar ko ɗa guda. Saboda haka ne masana kimiyya ba su cika son cewa an kashe bairas ba, tunda ana gardama ko tana da rai tun farko. Kalmar da suka fi so ma'anarta hana aiki.

Matan Kura masu sana'ar gumi sun san wani abu mai kama da wannan. Shanshera da aka jiƙa aka turara aka shanya, in an dube ta shinkafa ce da ƙaiƙayinta, amma ko an shuka ta a fadama mafi kyau ba za ta tsiro ba, domin an kashe mata ido. Sai dai misalin yana da iyaka. Zafi ne ke kashe idon shinkafa, zafi kuwa yana wargaza rigar ƙwayar boru tun kafin a je ko'ina, haka ma ɗan tsami kaɗan. Riga in ta wargaje gunduwa-gunduwa, garkuwar da take tayarwa ba ta taka kara ta karya ba. Dalilin da ya sa aka koma ga sinadari ke nan: ana neman abin da zai yi wa bairas gumi cikin sanyi.

Fomalin

Sinadarin farko da aka dogara da shi shi ne fomalin, ruwan nan mai yaji a ido wanda ake adana gawa da shi a makarantun koyon likita, masu kaji kuma ke turara ɗakunan ƙyanƙyasa da shi. Wani likitan dabbobi Bafaranshe, Gaston Ramon, ya nuna a farkon shekarun 1920 cewa fomalin yana kashe dafin cutar maƙarau ya bar siffarsa, har a yi rigakafi da shi. Ba a daɗe ba aka gwada shi a kan bairas, kuma Afirka ta Yamma tana da rabo a tarihin. A 1926 Curasson da Delpy, waɗanda ke aiki a yankin da Faransa ke mulki, suka bayyana rigakafin bushiya da aka yi da saifar saniya mai cutar, an niƙa an zuba mata fomalin. Bushiya ce babbar abin tsoro a lokacin. Annobarta ta wajen 1890 ta share shanun ƙasar nan har aka riƙa tunawa da ita da sunan Sannu, saboda yawan jajen da aka yi wa juna, kuma domin yaƙi da ita aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom a 1924. Game da boru kuwa, Waldmann da abokan aikinsa a tsibirin Riems na Jamus su suka fitar da rigakafin fomalin mai amfani na farko, wajen 1937 zuwa 1938.

Aikin fomalin ya yi kama da jima. Yadda bagaruwa ke shiga fata ta ɗaure zaruruwanta har ta daina ruɓa ta zama ƙirgi, haka fomalin ke ƙulla furotin da furotin, ya kuma ƙulla furotin da zaren saƙo. Wannan yana da kyau ta wata fuska, domin yana ƙarfafa rigar. Amma nan ne kuma illarsa take. Majemi ya san cewa in bayan fata ya riga ya jemu, ruwan jima yakan sha wuyar kaiwa tsakiya. Haka fomalin yake: da farko yakan kashe ƙwayoyi da sauri, daga baya sai aikinsa ya yi ta ja baya, musamman inda ƙwayoyi suka dunƙule ko suka ɓuya cikin ɗan tarkacen nama. Sai a sami 'yan tsirari da ba su mutu ba, gwaji kuma bai gan su ba saboda ƙarancinsu.

An biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 1955 a Amurka, wani kamfani mai suna Cutter ya fitar da rigakafin shan inna na fomalin wanda ke da sauran ƙwayoyi masu aiki. Yara kimanin 200 suka shanye, mutum 10 suka mutu. A 1981 boru ta ɓulla a lardin Biritani na Faransa, iska ta ɗauke ta ta tsallaka teku zuwa tsibirin Jersey da na Wight a kudancin Ingila, da aka bincika sai aka tarar ƙwayar ta yi daidai da wadda ake yin rigakafi da ita. A 1987 Beck da Strohmaier suka nuna cewa da yawa daga ɓarkewar boru a Turai a shekarun da suka gabata asalinsu ƙwayoyin rigakafi ne, ko dai waɗanda fomalin bai gama da su ba, ko waɗanda suka kuɓuce daga ma'aikata. Don haka makiyayin da ya ce yana tsoron allura ta sa wa shanunsa cuta, bai kamata a yi masa dariya ba. Abin da yake tsoro ya taɓa faruwa a ƙasashen da suka ƙirƙiro allurar. Abin da ya cancanta shi ne a gaya masa yadda aka toshe wannan kafa.

Sinadarin da ya gaje shi

Tun 1959 Brown da Crick a cibiyar Pirbright ta Ingila suka nuna cewa akwai wani dangin sinadarai, dangin etilinimin, wanda ke ratsa riga ba tare da ya tsaya ɗaure ta ba, ya wuce kai tsaye ya lalata zaren saƙo. Matsalarsu ita ce guba ne ƙwarai, suna kuma jawo ciwon daji, don haka ajiye su da ɗaukarsu haɗari ne ga ma'aikata. A 1975 Hans Bahnemann, yana aiki a cibiyar yaƙi da boru ta ƙasashen Amurka da ke Riyo a Birazil, ya fito da wata dabara mai sauƙi. Maimakon a sayo gubar, sai a sayo wani gishiri mai dama-dama, a narka shi cikin ruwan soda mai ɗumin jiki, cikin sa'a guda ya juye ya zama etilinimin marar kauri, a yi amfani da shi nan take. Masana suna taƙaita sunansa da haruffa uku, BEI, kuma shi ne ginshiƙin rigakafin boru na zamani.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Ana fara noma ƙwayar. A da sai an sa wa shanu cutar a ɓare fatar harshensu. A 1947 Frenkel a Holand ya nuna ana iya nomanta a kan fatar harshen lafiyayyun shanu da aka tattaro daga mayanka. Daga shekarun 1960 kuma aka koma ga tantanin ƙodar wata 'yar dabba mai kama da ɓera, wanda ake rainonsa cikin manyan tankunan ƙarfe. Idan ƙwayar ta cika tanki sai a tace, a fitar da tarkace, domin kada a bar mata maɓoya. Sa'an nan a zuba BEI, a riƙa motsawa, a ɗumin da bai wuce maki 26 ba ko kusa da haka, na tsawon kwana ɗaya da yini ko kwana biyu. A tsakiyar aikin akan juye ruwan zuwa wani tanki dabam a ƙara sinadarin. Dalilin juyewar abin lura ne: ɗigo ɗaya da ya fantsama ya maƙale a murfi ko a bakin famfo, wanda sinadari bai kai gare shi ba, yana iya gangarowa daga baya ya ɓata tankin duka.

Fifikon BEI a kan fomalin ba ƙarfi ba ne, daidaito ne. Kashin da yake kashewa a sa'ar farko shi yake kashewa a ta biyu da ta goma. A ce, alal misali, a kowace sa'a yana rage ƙwayoyi masu aiki zuwa kashi ɗaya cikin goma: miliyan 100 za ta koma miliyan 10, ta koma miliyan ɗaya, ta koma 100,000, a haka har a wuce inda gwaji ke iya gani. Tunda tafiyar ba ta canza taki, ana iya ɗibar samfuri sa'a-sa'a, a zana layi, a lissafta inda za a kai ko da ido bai gani ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ita ce lissafin ya nuna cewa abin da ya rage bai kai ƙwaya ɗaya mai aiki ba a cikin lita 10,000, watau cikin duro 50 masu cin lita 200. Bayan lissafin kuma akan ɗebi wani kaso a zuba a kan tantani mai rai, a jira a ga ko wani abu zai tsiro, kamar dai manomin da ke gwada iri a tsumma mai laima.

Amsar tambayar manomin Kadawa tana nan. Da an gama kisa sai a zuba wa BEI makarinsa, wani gishiri da ake kira tayosalfet, wanda ke karya shi ya daina zama guba, sa'an nan a mafi yawan ma'aikatu a tace ƙwayoyin a raba su da ruwan da aka kashe su a ciki. Kalmar makari ta Hausa ta wadatar a nan, duk wanda ya san kibiya mai dafi ya san ta. Akwai wani sinadarin na uku, BPL, wanda aka fi sani a rigakafin haukan kare da wasu na kaji. Shi ma guba ne, amma ba ya daɗewa cikin ruwa, yakan rushe da kansa cikin sa'o'i.

Abin da kisan ya jawo

Ƙwayar da ba ta haihuwa ba ta da haɗari, amma kuma ba ta da amo. Raunananniyar ƙwaya mai rai, irin ta rigakafin bushiya da Walter Plowright ya samar a Kenya, takan yaɗu kaɗan a jikin dabba, jiki ya ɗauke ta da gaske, allura ɗaya ta isa har abada. Da ita aka yi gangamin da aka tsara a wani taro a Kano a 1961 aka fara a 1962, da ita aka kashe wutar da ta sake tashi a Nijeriya a 1983, har aka kai ga shelar ƙarewar bushiya a duniya a 2011. Rigakafin annobar awaki da tumaki, wanda asalin ƙwayarsa a Nijeriya aka samo ta a 1975, shi ma mai rai ne. Dattijon makiyayi da ya ga zamanin bushiya, wannan shi ne ma'auninsa na allura: sau ɗaya, a huda kunne, an gama.

Rigakafin boru ba ya cika wannan ma'auni. An yi ta ƙoƙarin raunana ƙwayarta, amma takan komo da kaifinta, shi ya sa aka tsaya ga kisa. Tilas ne a gauraya kasasshiyar ƙwaya da abin da zai tsokani jiki ya kula da ita, ko dai wani kunun alminiyam tare da sinadarin ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka, ko kuma mai, wanda ke mayar da rigakafin fari kamar madara. Kumburin da akan gani a wuyan saniya bayan allura yawanci aikin wannan mahaɗi ne, ba cuta ba ce. Duk da haka sai an yi allura ta biyu bayan kimanin wata guda, sa'an nan a riƙa maimaitawa kamar kowane wata shida. Daɗin daɗawa boru ba iri ɗaya ba ce. An san iri bakwai, huɗu daga ciki an same su a Nijeriya, watau O da A da SAT 1 da SAT 2, kuma rigakafin wani ba ya tare wani, domin kowanne da rigarsa. Saniya tana iya shan allura bisa ƙa'ida ta kuma kamu, ba don allurar jabu ce ba, sai don baƙon da ya zo ba shi aka nuna wa jiki ba.

Sai batun ajiya, inda kalma ta fi yin ɓarna. Hankali yakan ba mutum cewa abin da ya mutu ba ya tsoron rana. Amma abin da ake tsarewa a kwalbar ba rai ba ne, siffa ce, kuma zafin Afrilu a ƙasar Kano, wanda ke haura maki 40, ya isa ya wargaza ta a bayan babur tsakanin Kura da ruga. Wurinta tsakanin maki 2 ne da 8. Akasin haka ma ɓarna ce: rigakafi mai rai da aka busar ya zama gari yana jure daskarewa, amma kasasshe in ya daskare mahaɗinsa yakan tsinke, ba ya komawa daidai. Mai kyakkyawar niyya da ya manna kwalbar a jikin ƙanƙara, ko ya sa ta a saman firji inda ruwa ke daskarewa, ya lalata ta kamar wanda ya bar ta a rana.

Wace kalma?

A fassarorin rediyo da takardun wayar da kai akan ji matacciyar ƙwayar cuta. Ta fuskar nahawu babu laifi, amma ta fuskar ma'ana akwai. Matacce ya fito ne daga mutu, aikatau ne da ba ya ɗaukar karɓau, ba ya nuna hannun kowa. Abin da ya mutu da kansa, a tunanin Bahaushe mai dabba, mushe ne: ƙazanta, abin ja a yar a bayan gari. Ba ƙaramin abu ba ne a nemi Musulmi ya yarda a ɗura wa dabbar layyarsa wani abu da sunansa ke ƙamshin mushe. Kasasshe kuwa daga kashe yake, yana nuna akwai wanda ya yi aikin da gangan. Har ila yau kashe a Hausa bai tsaya ga ɗaukar rai ba. Ana kashe fitila, a kashe wuta, a kashe ƙishirwa, a kashe kaifin wuƙa, a kashe magana. A duk waɗannan abin yana nan, aikinsa ne ya tsaya. Fitilar da aka kashe ba ta fashe ba. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da masana kimiyya ke nufi da kalmarsu ta hana aiki, don haka damuwarsu cewa bairas ba ta da ran da za a kashe ba ta shafi Hausa ba. Fassarar da ta bi su sau da ƙafa, irin su ƙwayar da aka hana aiki, tsawo kawai ta ƙara.

Akwai wasu kalmomin da ke neman shiga, amma wurinsu dabam ne. Dakusasshiya da raunananniya da gurguntacciya duk suna nuna ragi ne, ba ƙarewa ba. Wuƙar da ta dakushe ana wasa ta, gurgu ma yana tafiya. Sun dace da rigakafi mai rai, kuma dakusasshiya ta fi, domin tana ɗauke da gargaɗin cewa kaifi yana iya komowa. Bai kamata a bar su su gauraya da kasasshiya ba, tunda bambancin ya shafi ajiya da yawan allura da kuma dabbar da za a yi wa. Kasasshen rigakafi, alal misali, ya fi aminci ga dabba mai ciki.

Wajen bayani da baki, ban da gumi, akwai misalin da ya fi kusa da makiyayi, watau dandaƙa. Dandaƙaƙƙen sa yana nan da ƙahonsa da tozonsa, duk wanda ya gan shi ya san sa ne, amma ba ya barin iri. Makiyayi ya kuma san cewa dandaƙa takan yi rabi, a wayi gari san da aka sallama ya ba saniya ciki, wanda shi ne labarin fomalin ba ragi ba ƙari. Sai dai wannan misali ne na bakin ruga, ba zai zama sunan da za a buga a jikin kwalba ba. A rubuce, rigakafi mai kasasshiyar ƙwaya da rigakafi mai dakusasshiyar ƙwaya sun isa su raba nau'o'in biyu, in ya so a ƙarƙashin na farkon a ƙara layi uku da Hausa, da boko da ajami: a ajiye a sanyi, kada ya daskare, a maimaita bayan wata guda.